Inda ɗan Kaduna zai ci abincin Koriya na halal a birnin Seoul

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙun masu karatu. Ka yi haƙuri da tsawon takardar, maganar ta taso ne daga cikin gidanmu, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa a garin nan da irinta ta shiga.

'Yar yayata ce ta samu gurbin karatun digiri na biyu a Koriya ta Kudu, ƙarƙashin tallafin da gwamnatin ƙasar ke bai wa ɗaliban waje, wanda ake kira GKS. Kuɗin makaranta da na jirgi da alawus na wata-wata duk suna wuyansu, har da shekara guda ta koyon harshe kafin a shiga aji. Na je Unguwar Rimi yi musu barka, sai na tarar da Yaya zaune a tsakar gida ta yi tagumi. Na ce, "Yaya, yau ranar murna ce, me ya faru?" Ta ce, "Auta, ni abin da za ta ci ne ya hana ni barci. An ce mutanen nan ko ruwan miyarsu da alade a ciki. Shekara uku fa, ba kwana uku ba." Alhaji mijinta kuwa har ya fara cewa a haƙura, a jira ko Allah zai kawo na Malesiya ko na Masar.

Ni ma da wannan tallafin na je, na zauna can daga 2016 zuwa 2019, shekara biyun ƙarshe a garin Suwon da ke kudu da Seoul. Saboda haka aka zaunar da ni aka yi ta jero mini tambayoyi har aka kira magariba. Abin da na gaya musu ranar shi nake so ya kai kunnen sauran iyaye, da yaran da ke shirin tafiya.

Tsoron Yaya yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, kuma giyarsu da ake kira soju kusan kowane gidan abinci tana kan tebur. Ni kaina ban cika wata guda ba abin ya rutsa da ni. Na shiga wani ɗan shago kusa da makarantar koyon harshe, na sayi kimbap, wato shinkafa da aka naɗe cikin ganyen teku aka yanka ƙawanya-ƙawanya. Na ga karas, na ga ƙwai, na ga alayyafo, hankalina ya kwanta. Na ci yanka biyu ke nan wani abokin karatuna ɗan Indonesiya ya riƙe mini hannu, ya nuna mini wani siririn abu ja-ja a tsakiya, ya ce alade ne. Daren nan ban runtsa ba. Daga ranar na koma burodi da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani da taliyar leda da na taho da ita daga gida, har kusan wata uku. Na rame, sanyin hunturu ya shigo, karatu ya ƙi shiga. Da yawa daga cikin yaranmu haka suke yi, wasu har su gama karatu su dawo ba su taɓa ɗanɗana abincin mutanen da suka zauna da su ba. Wannan shi ne abin da ke damuna, domin akwai mafita, kuma ba ta da nisa.

Abokin nan ɗan Indonesiya shi ya kai ni. Wata Juma'a ya ce in shirya mu je babban masallaci, a unguwar Itaewon da ke Seoul, babban birnin ƙasar, ana furta ta Itewon. Ga mai tafiya, hanyar ba ta da wuya: jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 6 yana tsayawa a tashar Itaewon, ka fita ta ƙofa ta 3, ka miƙe kaɗan, sai ka karya dama ka fara hawan tudu. Da na koma Suwon, layi na 1 nake shiga zuwa Geumjeong, in sauya zuwa na 4 har Samgakji, sannan in kama na 6, tasha ta biyu in sauka. Hawan tudun nan yana sa haki, amma tun kafin ka kai rabi za ka fara ganin rubutun Larabci a jikin shaguna, ka ji ƙamshin gasasshen nama, ka ga mata da hijabi da maza da huluna. A can ƙoli masallacin yake, fari, da hasumiya biyu, an rubuta Allahu Akbar a goshinsa. Wata uku rabona da jin kiran salla daga lasifika. Da na ji shi ranar, sai da na tsaya na jingina da bango.

An buɗe masallacin a 1976. Gwamnatin Koriya ce ta ba da filin, Saudiyya da wasu ƙasashen Musulmi suka ba da kuɗin gini. Musuluncin ƙasar na wannan zamani kuwa ya samo asali ne daga sojojin Turkiyya da suka je yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, limamansu suka riƙa karantar da 'yan ƙasa. Hedikwatar Tarayyar Musulmin Koriya, KMF, tana harabar masallacin, kuma ita ce ke ba da shaidar halal da aka fi sani a ƙasar. Ita kanta unguwar ta zama matattarar baƙi ne saboda barikin sojan Amurka na Yongsan da aka kafa a maƙwabtaka da ita. Akwai 'yan Najeriya da yawa a wajen, za ka ji Ibo da Turancin buroka a bakin titi kamar kana Sabon Tasha.

Layin da ya bi ta gaban masallacin sunansa Usadan-ro 10-gil, kuma a nan gidajen abincin da zan ambata suke lokacin da nake can.

Na farko shi ne Eid. Wasu iyali Musulmi 'yan asalin Koriya ne ke da shi, kuma yana da shaidar KMF. Ɗan ƙaramin wuri ne, bayan sallar Juma'a sai ka yi layi a waje tare da 'yan Malesiya da Indonesiya. A nan na fara cin samgyetang, kuma har yau in aka ce in zaɓi abinci ɗaya daga ƙasar shi zan ɗauka. Budurwar kaza ce guda sukutum, an cusa mata shinkafa mai danƙo a ciki, da tafarnuwa, da saiwar da suke kira insam, da wani busasshen ɗan itace ja mai suna daechu, wanda ɗan uwan magaryarmu ne sai dai ya fi ta girma da zaƙi. Ana kawo ta tana tafasa cikin baƙar tukunyar ƙasa, romon fari tas, ba mai ba yaji, gishiri da masoro suna gefe ka zuba da kanka. Naman yana saɓulewa daga ƙashi da cokali kawai. Su a tsakiyar zafin bazara suke cin ta, suna cewa zafi da zafi ake korarsa. Ni a watan Disamba na ci, ina rawar ɗari, kuma na ji kamar farfesun da ake yi wa mai jego aka ajiye mini. Na shanye romon tas, na nemi ƙarin shinkafa.

Kafin kazar ta iso an riga an jera mana ƙananan kwanoni da ban yi oda ba, har na fara lissafin kuɗin aljihuna. Abokina ya ce in kwantar da hankali, wannan banchan ne, kyauta ne, in ya ƙare ka ce a ƙaro a ƙaro maka. Akwai kimchi, akwai tsiron wake da man riɗi, akwai ƙananan busassun kifi da aka soya da ɗan zaƙi. Kimchi kabeji ne da aka jiƙa da gishiri, aka cuɗa da dakakken barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, aka rufe ya yi tsami. Ranar farko hancinka zai ƙi shi. A mako na uku kai za ka riƙa nema. Kowace shekara gab da hunturu iyalai kan taru su haɗa na watanni, al'adar da suke kira kimjang, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2013. Duk wanda ya ga yadda iyayenmu ke shanya kuɓewa da tumatir da kaka domin rani, ya san abin da ake nufi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne miyar doenjang. Da aka buɗe murfi warin ya bugo ni, na ce wa abokina, wannan ai daddawa ce. Waken soya ne ake dafawa a daka, a yi curi-curi a rataye ya bushe, sannan a jiƙa a ruwan gishiri cikin randuna ya yi watanni. Matan karkarar jihar nan da ke yin daddawar waken soya in an kai su wajen, ba wanda zai yi musu bayani. Harshen da ya saba da miyar kuka mai daddawa ba zai wahala da abincin Koriya ba. Bature ne ke toshe hanci, mu namu ya riga ya saba tun muna goye.

Na biyu shi ne Makan, a wannan layin. Shi ma abincin Koriya zalla yake yi, kuma na halal. In mun kai mutum uku ko huɗu nan muke zuwa mu sa a yi mana dak-bokkeum-tang, kaza da dankalin Turawa da karas cikin jan romo mai yaji. Wanda ya tashi da yajin Kaduna zai ji shi daidai, sai dai akwai ɗan zaƙi a ƙarƙashin yajin, saboda gochujang, wato kwaɓaɓɓen barkonon da suke tsimawa da garin shinkafa da waken soya. Gasasshen kifinsu, irin wanda muke kira taitus, shi nake ci in aljihu ya yi sanyi. Suna da bulgogi mai kyau, naman sa da aka yanka falle-falle aka tsuma cikin ruwan waken soya mai gishiri da tafarnuwa da man riɗi da sukari. Gaskiya zaƙinsa ya ɗan yi mini yawa, bakin da ya saba da tsire da balangu yana neman ƙuli da barkono. Amma ban taɓa ganin ɗalibar da ta ɗanɗana ta ture ba.

Duk inda ka shiga ka ga bibimbap, in da hali ka ce a kawo maka na cikin kwanon dutse, dolsot. Shinkafa ce aka jera mata ganyaye da naman kaza (wato laimar kwaɗi da ake ci) da karas da ɗan nama da ƙwai a sama, ka zuba gochujang ka cakuɗe kamar kana kwaɗon zogale. Kwanon yana zuwa da zafin gaske, sai shinkafar ƙasa ta kama ta yi ƙanzo. Suna da suna na musamman ga ƙanzo, nurungji, har ruwan zafi suke zuba masa su sha. Da na gaya wa Yaya wannan sai da ta yi dariya, karo na farko tun shigata gidan, ta ce ashe su ma sun san daɗin gindin tukunya.

Akwai kuma Murree, inda ake haɗa abincin Koriya da na Pakistan da Indiya a takarda ɗaya, ya dace da ayarin da wani ke son gwadawa wani kuma yana jin tsoro. In ka gangara kasuwar Myeongdong sayayya, Busan Jib na nan cikin wani lungu, kifi da kayan teku ne ƙarfinsu.

Gidajen kebab na Turkawa da na biriyani kuwa ba sai na nuna wa kowa ba, su ne za su fara tare ka tun daga gindin tudu, kuma abincinsu ba laifi. Roƙona ga yaranmu shi ne kada su tsaya nan. Na san waɗanda suka shekara uku ba su wuce shawarma ba. Sai ranar da farfesa ya kwashi ɗalibansa zuwa cin abincin dare, al'adar da suke ɗauka da muhimmanci ƙwarai, ka ga yaronmu ya zauna ya harɗe hannu bai san ko sunan abu ɗaya da zai iya nema ba. Wanda ya riga ya koyi abincin a wurin da hankalinsa ke kwance ya san me ake zubawa a cikin me, sai ya ce a ba shi gasasshen kifi, ko bibimbap ba nama, ya ci tare da mutane ba tare da ya taɓa abin da Allah ya haramta ba. Nan ake ƙulla zumuncin da ke kai mutum ga aiki da bincike, ba a cikin aji kaɗai ba.

Kuɗi fa? A lokacina kwano ɗaya a gidajen nan yakan kama won 10,000 zuwa 15,000 (won shi ne kuɗin ƙasar), ya ɗara na sauran gidajen abinci, domin yawancin naman halal daga waje ake shigo da shi, musamman Ostireliya. Ɗalibi ba zai iya ci kullum ba. Abin da muke yi shi ne mu ci mai kyau ranar Juma'a, sannan mu sayi ɗanyen nama da kaza a shagunan halal na layin mu kai firjin makaranta mu riƙa girki. Ba a ba ma'aikaci tukwici, ruwan sha kyauta ne. Da azumi kuma masallacin yana ciyar da masu buɗe-baki.

Wata aba da ya kamata kowa ya gane: hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abincin da Musulmi kan shiga gida huɗu. Akwai mai takardar shaida daga hukumar halal. Akwai wanda mai shi ko mai girkin Musulmi ne, shi ya ba da shaida da bakinsa. Akwai wanda ke da wasu kwanonin halal amma yana iya sayar da giya. Na ƙarshe kuwa alade ne kawai babu, naman ba lallai yankan Musulmi ba ne. Alamar tana manne a ƙofa, a duba ta da kyau, kowa ya tsaya inda zuciyarsa da malaminsa suka tsayar da shi.

A wajen Itaewon harshe ne garkuwarka. Na sa 'yar yayata ta haddace "dweji-gogi mot mogoyo", wato ba na iya cin naman alade, da kalmar "sul", giya. Amma wannan bai isa ba. Mutane da yawa a can in ka ce nama, ba sa lissafa sarrafaffen alade irin wanda na ci cikin kimbap, sai ka ambace shi daban da sunan da suke kiransa, "hem". A kuma tambayi romon da aka ɗora miya a kai, domin miyar da ba ka ga tsoka a ciki ba tana iya zama da romon ƙashin alade. Akwai ruwan girki mai giya da suke zubawa a nama da kifi, har wasu gochujang na kanti ana ɗiga musu barasa don kada su lalace. Sauƙin da ke akwai shi ne dokar ƙasar ta tilasta a rubuta a jikin leda in akwai alade cikin kaya. Ga yadda kalmar take: 돼지고기. Baƙaƙensu 24 ne a yau, Sarki Sejong ya fito da rubutun a 1446, kuma yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a allo zai koye su cikin mako guda.

Ladubban cin abincinsu ba za su ba ɗan Bahaushe wuya ba. Wasu gidajen ana cire takalmi a zauna a ƙasa. Ƙarami ba ya fara ci sai babba ya ɗauki cokali. In babba ya miƙo maka abu da hannu biyu ake karɓa. Dattijuwar da ke kawo abinci ana kiran ta "imo", wato 'yar uwar mahaifiya, kamar yadda muke cewa Inna. Tsinkayen ƙarfe biyu da suke ɗaukar abinci da su ne kawai ke buƙatar haƙuri, shinkafa da miya kuwa da cokali ake ci.

Alhaji ya tambaye ni ko ba Itaewon ba ce inda mutane suka mutu a turmutsutsu. Ita ce. Ranar 29 ga Oktoba 2022 mutum 159 suka rasu sanadin cunkoso a wani siririn lungu kusa da ƙofa ta 1 ta tashar jirgin, cikin daren wani biki. Unguwar fuska biyu gare ta. Ƙasan tudu mashaya ne da gidajen rawa, da dare wurin ba na ɗiyar mutunci ba ne. Saman tudu masallaci ne da makarantar Islamiyya da shagunan Musulmi. Na ce wa yarinyar ta je da rana, ta je da ƙawaye, ta yi la'asar ta kama hanyar makaranta. Ta ce, "To, Kawu." Sannan a 'yan shekarun nan ana rushe tsofaffin gidajen unguwar Hannam da ke gefen masallacin domin gina dogayen benaye, shaguna da dama na layin sun tashi sun sauya mazauni. Wanda ya isa ya fara shiga harabar masallaci ya tambaya, matambayi ba ya ɓata, za a nuna masa inda kowa ya koma.

Asabar ɗin da ta biyo baya na shiga kasuwar Bakin Dogo na sayo kabeji da karas da alayyafo da riɗi da cittar Kachia, na karɓi kicin ɗin Yaya na yi musu bibimbap a tukunyar ƙarfe har ya yi ƙanzo, na haɗa yajin da dakakken barkono da 'yar daddawa da zuma. Alhaji ya ci ya ƙara, ya ce in dai irin wannan ne to a sa albarka. Mai son ganin na ainihi kafin tafiya, Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010 tana koyar da harshe, takan kuma shirya darasin girki, ga jirgin ƙasa nan daga Rigasa.

Ina roƙon jaridar nan ta buɗe wa waɗanda suka yi karatu a ƙasashen da Musulmi ba su da yawa fili, kowa ya rubuto inda ya ci da inda ya yi salla, da Hausa, yadda uwa za ta karanta ko a karanta mata.

Saura gargaɗi ɗaya ga masu haɗa wa yara kaya. Yaya ta riga ta aika a yi mata kilishi da dambun nama cike da bokiti, sai da na hana. Koriya ba ta yarda a shiga mata da nama ko wani abin da aka yi da nama ba, ana bincike a filin jirgin Incheon, kuma tarar tana da nauyi. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji muka ɗaure mata, na ce ta nuna su ga jami'an kwastan da kanta in ta sauka. Kilishin kuwa mun rabar wa maƙwabta.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna